Zango Ya Zama Gida: Tsofaffinmu na Khartum da Umdurman

A wannan shafi muke juyo muku abin da aka tattauna a shirinmu na tarihi, saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan mota tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko suna bayan shanu inda rediyo ba ta kamawa sosai.

Makon jiya mun buɗe layi a kan 'yan ɓarnace-ɓarnacen da ke faruwa a gida idan 'ya'ya sun girma sun watse, an bar tsoho da tsohuwa su kaɗai. An sha dariya. Wani ya ce mahaifinsa ya ɓoye kuɗin sa a cikin buhun dusa, akuya ta riga shi buɗewa. Wata ta ce tsohuwarta ta yi kwana uku tana fushi da ɗanta don bai kira ta ba, ashe wayarta ce ba caji. Can ƙarshe sai saƙon murya ya shigo daga wata baiwar Allah, Hausarta garwaye da Larabci. Ta ce su mutanen Umdurman ne a ƙasar Sudan. Wata rana an ɗauke ruwa kwana uku, uwarta ta buɗe famfo ta manta, ruwa ya dawo da tsakar dare. Kafin asuba tsakar gida ta zama tafki, takalma na yawo, tsoho na tsaye a kan gado yana kiran sunayen 'ya'yan da ba wanda ke ƙasar a cikinsu. Ta yi dariya, mu ma muka yi. Sannan ta ce rabonsu da gidan nan tun 2023, amma har yau makullin na ɗaure a bakin zanen uwarta.

Daga nan dariyata ta tsaya. Shi ya sa na ce yau mu bi tarihin wannan gida: wa ya gina shi, da me aka gina shi, me ya sa kuma ɓarna kaɗan take zama babba a cikinsa.

Hanyar gabas

Kafin jirgin sama, da ƙafa da jaki ake zuwa Makka. Mutum ya tashi daga Kano ko Damagaram, ya bi ta Borno, ya ratsa Fot Lami, wato Injamena ta yau, ya wuce Abeshe da Adre, ya shiga Darfur ta Jinena, sai Kurdufan, sai bakin Nilu, sai gaɓar teku a Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara, a ƙara gaba. A hanya ake aure, a hanya ake haihuwa, a hanya ake binne wasu.

Mutanenmu sun daɗe suna bin wannan hanya, kuma akwai su a Umdurman tun lokacin da ta zama hedikwatar daular Mahadi a 1885. Amma babban tashi ya zo ne a 1903. A watan Maris na shekarar Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, bayan 'yan shekaru suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno.

Daga baya hanya ta ƙara sauƙi. Jirgin ƙasa ya kai Al'ubayyid a 1912. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ana neman hannu ruwa a jallo. Alhazai suka samu aikin tsinkar auduga. Wasu suka gangara birni, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu: Khartum a gefe ɗaya, Umdurman a tsallake. Mutanen ƙasar suka haɗa Bahaushe da Bafillace da Babarbare suka kira su da suna ɗaya, Fallata.

Ka lura da abu guda, mai karatu. Duk waɗannan mutane ba wanda ya fito da niyyar zama Sudan. Zango suka yi.

Ɗakin da ba a yi don zama ba

Kai makiyayi ka fi kowa sanin wannan. Bukkar da ka san za ka tashi ka bar ta bayan kaka, ba ka ɓata ƙarfinka a kanta. Haka kakannin nan suka ɗauki gidajensu. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da Hausawan yankin Wad Madani, ya fitar da littafi a 1995 wanda ma'anar sunansa ita ce alhazan dindindin. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne, haifaffun Sudan, suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka, suna zaune a gidajen wucin gadi. A birnin Khartum ma, unguwar da aka fi sanin mutanenmu da ita sunanta Ishash Fallata, wato bukkokin Fallata. Sunan kaɗai ya ishe ka bayani.

Ko da aka fara ginin ƙasa, irin na talakan Sudan aka yi. Suna ce masa jalus: a kwaɓa laka a ɗora sahu-sahu, wannan ya bushe a ɗora wani. A jera itace a sama, a shimfiɗa tabarma da kara, a zuba ƙasa. A tsakar gida a yi rakuba, rumfarmu ke nan. A ajiye zir, randar ruwan sanyi, da angarib, gadon igiya da ake fitarwa waje a kwana saboda zafi.

Irin wannan gini yana da sharaɗi ɗaya. Kowace shekara kafin damina, wadda suke kira harif, sai an yaɓe bango da rufi da zibala, kashin dabbobi da aka jiƙa da ƙasa aka bar shi ya ruɓa. A kuma share indararo, su suna ce masa sabaloka. Ka ga abin da kake barin sa a mashekari, can kuɗi ake sawa a saya. Ruwan da Khartum ke samu a shekara bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Kano ba, yawancinsa kuma a Yuli da Agusta yake sauka. Wannan ƙarancin ne ke ruɗin mutane. Shekara biyu, uku ba a yi ruwan kirki ba, sai a ce yaɓen bara ya isa.

To wa ke hawa rufi? Samarin gida. Su ke kwaɓa, su ke miƙawa, in aiki ya yi yawa a kira nafir, gayya ke nan, a dafa abinci a yi a rana ɗaya. Gidan jalus gida ne mai buƙatar 'ya'ya a kusa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A cikin irin waɗannan gidaje aka yi sana'o'in da suka shiga jinin birnin. Uba na gashin agashe, tsiren da har yau ake kiransa a Sudan da wannan suna na Hausa. Uwa na dama godogodo na gero da nono, tana soya gyaɗa, tana zubin adashi, wanda can ake kira sanduk. Wasu na dako a kasuwar Umdurman, wasu na dillanci a kasuwar dabbobi ta Muwailih da ke yamma da garin.

'Ya'ya sun kama gabansu

Rigimar iyaye da manyan 'ya'ya ba yau ta fara ba a can. Mu ma'aikatan rediyo muna da labarinta a gidanmu. A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Fallatiya, 'yar wani malami ce mai makarantar allo a Umdurman, iyayenta kuma daga ƙasar Sakkwato suka zo. Ta kama waƙa a gidajen biki, uban bai so ba, ya aurar da ita don ta bari, ba ta bari ba. A farkon shekarun 1940 muryarta ta fita a Rediyon Umdurman, ana kuma lissafa ta a matsayin mace ta farko da ta yi waƙa a gidan. Ta rasu a 1974. Uba ya fito neman Makka, 'yarsa ta zama muryar Sudan. Ko a nan ka ga inda zango ya fara zama gida ba da shawarar mai zangon ba.

Babban sauyi ya zo bayan 1973, da kuɗin man fetur ya tashi a Saudiyya da ƙasashen Larabawa na gaɓar teku. Samarin Sudan suka yi ta tafiya aiki, har aka yi musu suna, mugtaribin. 'Ya'yan Fallata ma ba a bar su a baya ba. Abin mamaki, ƙasar da kaka ya kwashe shekaru yana tara kuɗin zuwa, jika ya isa cikin awa biyu a jirgi, ya je tuƙin mota ko tsaron shago.

Sai aike ya fara zuwa. Kaset da aka naɗi gaisuwa, a taru a tsakar gida a saurara. Kuɗi, aka yi ɗaki ɗaya na jan bulo da rufin kwano, sauran gidan yana nan da lakarsa. Sai kaya: firji, tukunyar gas, injin jan ruwa, na'urar sanyaya ɗaki mai shan ruwa. Duk an aiko su ne don tsofaffi su huta, amma mai nuna yadda ake amfani da su yana Jidda.

Daga nan irin labaran da muka sha dariya a kansu suka samo asali. Tsohuwa ba ta yarda da gas ba, ta rufe shi da kyalle ta ci gaba da hura gawayi. Firji ya zama akwatin ajiye sukari da ganyen shayi, tunda wutar ma zuwa take ta koma. An kunna injin ruwa an tafi gaisuwar mutuwa, tanki ya cika ya yi ta zuba a gindin bangon laka har yamma. Habub, guguwar ƙurar nan ta Khartum da ke rufe rana, ta taso ta yaye kwanon da ba wanda ya hau ya duba ƙusoshinsa. Tsoho mai shekara saba'in ya ce shi zai hau, ya jingina tsani, tsohuwa na ƙasa tana cewa, "Malam, don Allah ka sauko, ka bari yaran maƙwabta su dawo." Shi kuma yana cewa ai tun ba a haife su ba yake hawa.

Har harshe ya shiga. Jikoki sun tashi da Larabci, kaka ta koma habboba. Ta aiki yaro da Hausa ya kawo wani abu daban, a yi dariya. Amma a cikin dariyar nan sunayen garuruwan asali suke ɓacewa.

Daren 4 ga Agusta, 1988

A wannan dare zuwa wayewar gari, ruwan da ya sauka a Khartum ya kai kimanin milimita 200, fiye da abin da birnin ya saba samu a shekara guda cur. Gidajen jalus suka narke. Dubun dubatar gidaje suka rushe, ɗaruruwan dubban mutane suka kwana a fili. Unguwannin talakawa na gefen gari su suka fi ji a jikinsu. Irin wannan ruwa ko gida mai yaɓe bai tsira ba, balle wanda aka shekara uku ana cewa sai yara sun zo hutu.

Bango ana sake shi. Abin da ya fi ciwo shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A ciki ake ajiye takardar haihuwa, rasit na fili, da jinsiyya, takardar shaidar ɗan ƙasa. Ga Bafallace wannan takarda ba wasa ba ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Ka tuna yawancin kakannin nan bayan 1903 suka iso. An sassauta dokar daga baya, amma wahalar kawo shaida ta daɗe tana bin su, musamman gidajen da kaka bai taɓa neman takarda ba don yana ganin gobe zai wuce. Wanda ya sha wuya ya samu, in ruwa ko gara suka cinye ta, ya koma farko.

A farkon shekarun 1990 hukuma ta tashi Ishash Fallata, aka mai da mutanenta kudancin birni, wajen unguwar Inkaz. A irin wannan rabon filaye, takarda ake tambaya: shaidar ɗan ƙasa da shaidar zama. Ranar nan aka gane bambancin gidan da ya adana takardunsa da wanda ya bar su a hannun tsoho shi kaɗai, shi kuma ya manta inda ya sa.

Gwangwanin kuɗin Makka

Akwai wata ɓarna da ba ta da ƙara, ba ta da ƙura. Tsofaffi da yawa ba su daina tara kuɗin hajji ba, a gwangwani ko a cikin katifa, ba tare da 'ya'ya sun sani ba. To kuɗin Sudan bai zauna wuri ɗaya ba. A 1992 aka kawo dinari, kowane ɗaya a madadin fam 10. A 2007 aka dawo da sabon fam, kowane ɗaya a madadin dinari 100. A 2011, da Kudu ta ɓalle, aka sake takardun kuɗi. A ƙarshen 2024, ana tsakiyar yaƙi, aka sake canza manyan takardu. Kowane canji yana da wa'adi. Wanda ya ɓoye bai faɗa ba, sai bayan rasuwarsa a buɗe katifa a tarar da takardun da ko shayi ba za su saya ba. Ko ba canji ma, hauhawar farashi na cin su a kwance.

Lissafin ma ya rikice. Fam ɗaya na 2007 daidai yake da tsohon fam 1,000, don haka mutane suka ci gaba da kiran dubu da sunan miliyan. Uba ya kira ɗansa a waya ya ce gyaran bango miliyan kaza ne, ɗa ya dafe kai, sai an tambaya: da tsohon lissafi ko da sabo? Kai ɗan kasuwar iyaka ba sai an yi maka fassara ba. Ka san yadda dala da jika suke a bakin mutumin Maraɗi, ka san fam da jaka a bakin tsohon Katsina. Ka kuma tuna yadda aka karya darajar sefa a Janairun 1994, da yadda canjin naira ya wahalar da masu ajiya a gida a farkon 2023.

Makulli a bakin zane

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Ruwa ya yanke, wuta ta yanke, asibitoci suka rufe. Miliyoyin mutane suka bar birnin, da yawa suka nufi Wad Madani, ita ma ta faɗi a Disambar shekarar, aka sake gudu. A yamma kuma, ta Adre ɗin nan da kakanni suka bi suka shiga Sudan, mutanen Darfur suka yi ta kwarara zuwa Chadi.

A gidaje da yawa gardamar iri ɗaya ce. 'Ya'ya na waje suna kira suna roƙo a fito, tsoho na cewa ba inda za shi. Jikan wanda ya ƙi yin ginin kirki don yana kan hanya, shi ne yau ya ƙi barin gida ana ruwan harsashi. Waɗanda suka zauna sun rayu ne da taimakon takaya, ɗakunan girkin unguwa da matasa ke dafa wake da fate su raba, da 'yan kuɗin da 'ya'ya ke turowa ta waya. A watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe tsakiyar Khartum, mutane suka fara komawa. Da yawa sun tarar ba ƙofa, ba taga, har wayoyin wutar cikin bango an zare. Wanda ya fita da takardar filinsa, ko yake da hotonta a wayar ɗansa, yana da abin nunawa. Wanda ya bar ta a akwatin ƙarƙashin gado yana cewa kwana biyu ne, sai dai shaidar maƙwabta, in maƙwabtan sun dawo.

Abin da ya shafe ka

Mai karatu, ban kawo maka wannan don Sudan tana da nisa ba. Mu mutanen iyaka duk 'yan zango ne. Wani ya zo Konni cin kasuwa ɗaya, ga shi da jikoki. Wani ya sauka da shanu a gefen wani gari don rani ɗaya, yau shekara talatin, bai da ko takarda ɗaya a kan wurin. 'Ya'yanmu kuma suna Legas, suna Agadas, suna Libiya. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta shekara ɗari a wuri ai sai a nema mata wani suna.

In kai ne tsohon, ka kira babban ɗanka da babbar 'yarka ka nuna musu inda takardu suke, su ɗauki hotonsu a waya. Ka faɗa musu wa ke binka, wa kake bi, shanun wa ke hannunka amana, naka kuma suna hannun wa. Kuɗin da kake tarawa don Makka, ka mai da su dabba ko ka sa wani amintacce ya sani. Tsanin nan kuma ka bar wa yara.

In kai ne ɗan, aike bai isa ba. Kafin hadarin farko ka zo da kanka, ko ka biya wanda zai hau ya duba rufi ya share indararo. Abin da ka saya musu ka zauna ka koya musu har sai hannunsu ya faɗa. Ka kuma tambayi tsohuwa sunan garin da kakanku ya fito da sunayen zangon da ya yi, ka rubuta, tun tana iya faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita kuwa baiwar Allah da ta aiko mana saƙo, in wannan takarda ta iso hannunki, ki gaida mana Hajiya. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mai da ku ɗakinku, ya sa makullin nan ya sake samun ƙofarsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. Wanda kakansa ya taɓa bin ayari, ya aiko mana da abin da ya ji a gida. Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.